Ƙanshin Akwatin Gwaggo

A Kurfi, in Gwaggo Azumi ta wuce ta ƙofar gidanka, ko ba ka ɗaga kai ba ka san ita ce, don ƙanshin kafur yana riga ta isowa, kuma yakan daɗe bayan ta wuce. Mace ce mai tsabtar da har ta kai ga takura wa mutane. Ta taɓa mayar wa maƙwabciya da kwanon tuwo ba ta ci ba, don kawai ta ga sawun yatsa a bakin murfin, abin da ya jawo gaba ta wata uku. Allah bai ba ta haihuwa ba. Aure uku ta yi, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ƙanenta ne ya tausaya mata ya ba ta riƙon 'yarsa Saudatu tun daga yaye, kuma daga ranar ba ta da wata magana a duniya sai ta Saudatu.

Tushen ƙanshin nan wani koren akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo da ke ƙarƙashin gadonta. Tun tana amaryar fari, in ta sami ƙyalle mai kyau sai ta ɗinka 'yar riga ko 'yar hula ta jefa ciki, tana jiran ɗan da bai zo ba. Wata damina asu ya shiga ya cinye rabin kayan, ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Mijinta na lokacin ɗan koli ne, sai ya sayo mata fararen ƙwayoyin kafur daga Kano, ya ce asu ba ya kusantar su. Gaskiya ya faɗa. Ba ta ƙara rasa ko zare ɗaya ba, kuma duk sanda ƙwayoyin suka ƙanƙance suka ɓace sai ta zuba sababbi, kullum tana ƙara yawansu.

Da aka aurar da Saudatu ga Tukur, wani mai fataucin hatsi a Dutsin-Ma, sai kayan akwatin suka sami masu sawa. Haihuwar fari a Kurfi aka yi ta, mace, aka sa mata Rabi'atu. Gwaggo ta naɗe ta da kayan da suka shekara talatin suna jira, yarinya ta yi ɓulɓul, ko ciwon kai babu. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. In cikin Saudatu ya shiga wata tara, Gwaggo za ta hau mota da akwatinta, ta je Dutsin-Ma ta zauna har a gama wankan jego na kwana arba'in.

Haihuwa ta biyu namiji ne, Tukur ya kasa rufe baki don murna. Kwana biyu yaro lafiya lau. A na uku farin idonsa ya koma rawaya, fitsarinsa ya riƙa ɓata tsumma kamar ruwan shayi. A na huɗu ya ƙi nono, yana wani siririn kuka mai tsinka zuciya, yana banƙarewa. Bai kai suna ba. Aka ce shawara ce, aka ba juna haƙuri. Shekarar da aka sami mulkin kai aka haifi Sa'adiya, ta rayu. Bayan shekara uku wani namijin ya zo, ya bi hanyar wansa sawu da sawu, har kwanakin ba su bambanta ba. Shi ma a hannun Gwaggo ya cika, don Saudatu ta juya wa bango fuska, ta kasa kallo.

Mutane kuwa ba sa barin mutuwa biyu ta wuce ba su nemo mata dalili ba. Fatu, uwar Tukur, ta sa aka tatsi nonon Saudatu a ludayi aka jefa tururuwa a ciki, tururuwa ta mutu. Ban san tururuwar da za a tsoma a ruwa ta fito tana rawa ba, amma nan take aka yanke hukunci cewa nonon Saudatu ba ya karɓar maza. Ita ma ta yarda. Shekara uku tana ɗirkar jiƙe-jiƙe masu ɗaci, tana wanke ƙirjinta da saiwoyi, in ta ga mace na goye da ɗa namiji sai ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta sha yin faɗa a kan maganar, amma a can ƙasan ranta ita ma ba ta da wata amsar da ta fi wannan.

Farkon daminar 1966 aka aiko Kurfi cewa cikin Saudatu ya tsufa. Gwaggo ta sayi sabon kafur ta ƙara a akwatin, ta shiga motar 'yan kasuwa. Motar ta kafe a taɓo sau biyu, ba su isa Dutsin-Ma ba sai bayan la'asar. Aka sauke akwatin a zauren Tukur, aka tarar yana zaune da baƙo, Malam Lawal, malamin asibiti na ɗakin shan maganin garin, abokinsa tun suna yara. Shi aka kira lokacin ciwon ɗa namiji na biyu, ya zo ya tsaya ya duba, bai iya komai ba, kuma abin bai bar ransa ba.

Bayan an gaisa, Gwaggo ta lura Malam Lawal yana ta kallon akwatin yana jan hanci. Ta ɗauka ƙanshin ne ya burge shi, har ta fara gyara tsayuwa. Sai ya tura Tukur cikin gida ya sanar da zuwanta, ya matso ya rage murya.

"Gwaggo, mi ke cikin akwatin ga?"

"Kayan jinjiri mana. Ko zinari kake tsammani?"

"Waɗancan biyun da sunka rasu, su ma daga nan anka sa musu?"

Ta ce daga ina kuwa za a sa musu, ai ba 'ya'yan tsintuwa ba ne. Sai ya roƙe ta don Allah ta zauna, yana da magana.

Ya ce bara an tura su kwas Zariya, wani likita ya koya musu abin da shi kansa bai daɗe da sani ba. Jikin mutum, in ji shi, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowacce tana da rai, kowacce tana cin abinci. Iskar da muke shaƙa ita ke ƙona abincin nan a cikinsu, a hankali, ba harshen wuta ba hayaƙi, daga nan ƙarfi da ɗumin jiki ke fitowa. Amma iskar nan dai ita ce ke sa wa fartanya tsatsa in an bar ta a waje, don takan ƙwace wani abu daga jikin ƙarfen ta bar shi yana marmashewa. To jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakon iskar, dare da rana tana jikinsu, saboda haka kullum suna bakin yin tsatsa.

Gwaggo ta ce to ai da duk mun ruɓe. Ya ce ai shi ya sa Allah ya zuba wasu sinadarai a kowace ƙwaya, likitoci na ce musu enzayim. Kowanne aiki ɗaya ya iya, yana hanzarta shi, kuma shi ba ya ƙarewa wajen yin sa. Akwai guda a cikin jini wanda aikinsa shi ne ya ɗebo daga sukarin da ƙwayar ta ci, ya mayar mata da abin da iska ta ƙwace, kafin tsatsar ta kama. Wasu yara ana haifar su da kaɗan daga cikinsa. Suna iya girma su tsufa ba su sani ba, muddin ba su haɗu da abin da ke gaggauta tsatsar ba. Kafur irin wannan na akwati yana cikin abubuwan da ke gaggauta ta. Jariri yana shaƙarsa, yana kuma shiga ta fatarsa, musamman in an shafe shi da mai. Sai ƙwayoyin jinin su yi ta fashewa, abin da ya fito daga cikinsu shi ne rawayar da ake gani a ido, in ta yi yawa kuma sai ta hau ƙwaƙwalwa.

Gwaggo ta katse shi. Ta ce Rabi'atu da Sa'adiya fa, ba da kayan nan ta naɗe su ba, ga su can suna tsalle a tsakar gida? Ya ce abin ya fi kama maza, ta wajen uwa suke gadonsa, mata kuwa galibi suna tsira.

"Wato ni na kashe su ke nan," in ji ta.

"Ban ce ba, Gwaggo. Ban ma tabbata ba, don ba ni da abin auna jini a nan. Roƙo dai nike, in namiji ne, kada ko zare ɗaya na akwatin ga shi taɓa shi. Har tufafin jikinki."

Ta miƙe tana karkaɗe zane. Ta gaya masa cewa tun uwarsa ba ta yi wayo ba take wankan jarirai, kuma ba ɗan da aka haifa jiya ne zai koya mata tsabta ba don ya je Zariya ya ga likita. Ta shige gida ba ta ko waiwaya ba. Sai dai da Tukur ya zo zai kinkimi akwatin ya shigar mata, ta ce ya bar shi a zaure tukuna, ta gaji.

Washegari da hantsi tana surfe a tsakar gida, tana ta maimaita zagin da ya kamata ta ƙara wa Malam Lawal, sai wani abu ya faɗo mata. Yaro na biyu ya yi atishawa ranar da aka haife shi. Ita da ta riga ta tsorata da na farko, sai ta daka ƙwayar kafur guda ta ƙulle a ƙyalle ta sa masa a gefen kai, ragowar ta cuɗa da man shanu ta shafa masa a ƙirji, don sanyi. Da jikinsa ya fara rikicewa, ta buɗe akwatin ta ɗebo mafi kyawun mayafan ta ƙara naɗe shi, ninki a kan ninki, ta rufe har kansa. Duk sanda ya ƙara kuka sai ta ƙara masa wani. Taɓarya ta tsaya a hannunta. Ta ce wa Saudatu jiri ne ya ɗebe ta, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado.

Ba ta yarda da maganar ba, ko kuwa in ce ba ta yarda ta yarda ba. Amma ran yaro ba abin caca ba ne. Kafin azahar ta sa Tukur ya kai akwatin ɗakin shirgi da ke bayan garken awaki, ya kulle. Ta tuɓe kayan jikinta ta tafasa su da sabulun salo sau uku, ta shanya su kwana uku a rana, a tsakani tana ɗaura aron zanen Fatu.

Dole a nemi abin gaya wa mutanen gida, sai ta fake da al'ada. Ta ce tunda maza ba sa zama, bana ɗan wabi za a yi masa, wato irin yadda ake yi wa yaron da 'yan'uwansa ke mutuwa: a nuna ba a damu da shi ba, a sa masa tsumma, a raina shi a fili, ko abin da ke ɗauke su ya ga ba shi da daraja ya ƙyale shi. Fatu ta ji daɗi ƙwarai, ta ce tun na biyun ta so a yi haka, tsoron bakin Gwaggo ne ya hana ta. Wannan ne karo na farko da surukan nan biyu suka haɗu a magana ɗaya.

Saudatu ce kaɗai ta damu. Da yamma Gwaggo na matsa mata ƙafafun da suka kumbura, sai Saudatu ta jawo gefen zanen Gwaggo ta shinshina, ta ce, "Gwaggo, kin daina ƙanshinki. Ni ko in na ji shi sai hankalina shi kwanta, in ga kamar ina Kurfi a bayanki." Gwaggo ta ce mata ta bar shirme ta miƙo ɗaya ƙafar.

Ran Talata da hantsi Saudatu ta sauka. Da ungozoma ta ce namiji ne, ba wanda ya yi guɗa. Kowa na kallon ƙasa, ita mai jegon kuwa hawaye ne kawai ke bin kunnuwanta. Aka yanke cibi, aka yi masa wanka, Gwaggo ta naɗe shi da wani tsohon zanen Saudatu da ya sha wanki har ya yi laushi ya koɗe. Fatu ta ɗauke shi ta kai bakin juji ta ɗan ajiye, ta tofar da yawu ta ce wa ke son wannan abin, sannan ta ɗauko shi da sauri. Daga nan mata suka fara ce masa Ajuji. Gwaggo, wadda a da ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kan jariri, tana tsaye tana kallo ba ta hana ba.

Rigima ta tashi a kan nono. Fatu ta riga ta tanadi akuya, ta ce ba za a sake ba jikanta nonon da ya cinye biyu ba. Malam Lawal ya aiko ta bakin Tukur cewa a ba shi nonon uwarsa, a kuma ba shi sosai, don yawan sha da yawan kashi suna taimakawa wajen fitar da rawayar. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in akuyar nan ta shigo ɗakin, to ita da Fatu za a raba. Kowa ya yi mamaki, don jiya-jiya ta gama zagin malamin asibitin. Saudatu ta sa yaron a ƙirji tana kuka, gani take guba take ɗura masa.

Kwana na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. A safiyar na uku Gwaggo ta fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe idonsa da yatsa. Rawaya. Ba mai yawa ba, amma ga ta nan. 

A nan ne wani tunani ya gifta mata wanda har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa ba. Yaron nan bai taɓa kayanta ba. In ya bi 'yan'uwansa, to ba akwatin ba ne, hannunta wanke yake. Na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido, ta ji wani sanyi a ranta. Da ta gane abin da ta ji, sai ta ce a'uzubillahi. Ta rungume yaron tana istigfari, tana roƙon Allah ya raya shi, ita kuma ya ɗora mata duk abin da rayuwarsa za ta zo da shi. Ta san sarai abin da take roƙo.

Malam Lawal ya zo kafin ya buɗe ɗakin magani. Ya danna hancin yaron da yatsa ya saki, ya danna ƙirji, ya danna ciki da tafin ƙafa. Ya ce a nuna masa tsumman fitsari, aka kawo, fari tas. Ya ce rawayar a fuska kaɗai ta tsaya, kuma jarirai da yawa sukan yi irinta su warke. In ta sauko ciki, ko ya ƙi nono, to a nemi mota zuwa asibitin Katsina ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Tukur ya je ya yi magana da wani direba ya zauna cikin shiri. Malam Lawal da Gwaggo ba su haɗa ido ba har ya fita.

Kwana na huɗu shi ne ranar da waɗancan suka ƙi nono. Gwaggo ta dafa ruwan wanka ta yi wa Saudatu da ganyen runhu, ta dama kunun kanwa, ta yi shara, duk kunnenta na ɗaki. Duk sanda yaron ya yi kuka sai ta tsaya cak ta saurara, ko siririn nan ne. Ba shi ba ne. Kukan yunwa ne, mai kauri, na ɗan da ya san hakkinsa, kuma da an sa masa nono sai ya kama kamar zai cire shi. A na biyar rawayar ta fara ja da baya. A na shida idonsa ya yi fari, yana bin hasken ƙofa da kallo.

Ranar suna Tukur ya yanka rago biyu, aka raɗa wa yaro Abubakar, maza na ce masa Garba, mata suka ƙi sakin Ajuji. Guɗar da aka riƙe kwana bakwai aka sake ta gaba ɗaya. 'Yan'uwa sun zo daga Dabawa, wasu daga Wurma, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Fatu na zagayawa tana ba da labarin juji, tana cewa dabarar manya ce ta yi aiki. Wasu suka ce jiƙon da Saudatu ta sha ne ya gyara nonon. Kowa ya zo sai ya ce Gwaggo barka, Allah ya raya.

Tana amsawa da amin, da gaske kuma take yi, don ba ta taɓa son wani abu kamar yadda take son ran yaron nan ba. Amma duk barkar da aka yi mata sai ta ji kamar an ɗora mata dutse. Yaron ga shi nan da rai a cikin tsumma, waɗancan kuwa sun tafi a cikin rigunan da ta zauna ta ɗinka da hannunta. Ta koma bayan ɗakin girki inda ake wanke-wanke, ta tsuguna a gaban tulin kwanoni ta yi kuka mai isarta. Wata mata ta gan ta ta ce kukan daɗi ne, ta je tana ba da labari.

Ta yi niyyar ta bar maganar a cikinta. Malam Lawal ba mai surutu ba ne, Tukur kuwa bai ji komai ba. Za ta gama arba'in ta koma Kurfi, shi ke nan.

Kwana biyu bayan suna, baƙi sun watse, da hantsi tana zaune a ɗakin tana tsince shinkafa, Saudatu na ba yaron nono. Sai ta ji Saudatu na yi masa magana a hankali, irin ta uwa da jariri. Tana ce masa ya sha, yanzu nonon ya gyaru, ba irin wanda ta ba yayyensa ba ne. Tana ce masa in ya girma ya roƙa mata gafara wurin Allah, don ita ta shayar da su abin da ya kashe su, suna kuka tana ƙara tura musu. Ba kuka take ba. Faɗa take kamar abin da ta daɗe da haddacewa.

Gwaggo ta ajiye faifan.

"Saudatu, nononki bai taɓa kashe kowa ba."

Saudatu ta ɗago. Gwaggo ta gaya mata duka, tana kallon shinkafar da ke gabanta: maganar zaure, da tsatsar jini, da abin da wasu yara ke rasawa a cikinsa, da dalilin da ya sa akwatin ke kulle a bayan garke. Ta faɗi ƙullin da ta sa a gefen kan na biyu, da man da ta shafa masa, da mayafan da ta yi ta ƙara masa. Abu ɗaya ta ɓoye, cewa ta wajen uwa ake gadon abin. Wannan ta ga Saudatu ta ɗauki abin da ya ishe ta.

Saudatu ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta daɗe tana kallon kan yaron. Can ta tambaya ko tun yaushe Gwaggo ta sani, Gwaggo ta ce tun ranar da ta zo. 

"Ba da gangan kinka yi ba, Gwaggo," in ji Saudatu daga baya. "Na sani. So ne."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta so a ce zaginta aka yi.

Daga tsakar gida Fatu ta ɗaga murya ta ce ruwan wanka ya tafasa, mai jego ta fito kada ya huce. Saudatu ta zare nono daga bakin yaron, ta goge masa leɓe, ta miƙe. Gwaggo ta karkaɗe hannuwanta a zane ta miƙa su, yadda ta saba kullum in za a shiga wanka. Saudatu ta matso da shi har ya kusa taɓa tafinta, sai ta tsaya. Ba ta ɗaure fuska ba, ita kanta kamar ba ta san abin da ya tsayar da ita ba. Ta juya ta kwantar da shi a tsakiyar gado, ta tokare shi da matashi ta kowane gefe, ta ɗauki zanen wanka ta fita.

Gwaggo ta sauke hannuwanta. Yaron ya motsa ya fara ƙananan kuka, ta matsa kusa da gadon ta zauna a ƙasa, tana yi masa "shiru, shiru" daga inda take har uwarsa ta dawo.